Ruwa Ba Ya Fari Banza: Daga Fastis na Faransa Zuwa Tankin Feshin Manomin Kademi

Gabatarwa

Duk manomin wake a Kademi da sauran garuruwan ƙasar Gaya da Ajingi ya san abin da ke faruwa a bakin gona idan wake ya fara fure. Manomi zai ɗebo ruwa garai-garai ya zuba a tankin feshi, sa'an nan ya auno magani, wanda shi ma garau yake kamar tataccen man gyaɗa, ya tsiyaya a ciki. Kafin ya mayar da murfi, ruwan ya koma fari fat kamar an dama nono. Haka kuma uwargida idan ta ɗiga Dettol a ruwan wankan jariri, nan take za ta ga wani farin gajimare yana bazuwa cikin baho. Ba wanda ya zuba alli, ba wanda ya zuba madara. To, daga ina wannan fari ya fito?

Ɗaya daga cikin wuraren da masana kimiyya suka samo amsar wannan tambaya shi ne wani abin sha na mutanen kudancin Faransa, wanda suke rubutawa pastis, mu kuma za mu kira shi fastis. Tun da farko ya kamata mai karatu ya san cewa fastis giya ce mai ƙarfi. Musulunci ya haramta ta, dokar Jihar Kano ta hana sayar da irinta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019 kaɗai. Abin da ya kawo ta cikin wannan maƙala shi ne darasin da ke cikinta. Wanda ya fahimci dalilin da ke sa ta yin fari, ya fahimci tankin feshi, da ƙwaryar nono, da hazon hunturu, har ma da dalilin da ya sa kamfanonin duniya ke neman ƙaron da ake tsinta a dazuzzukan Arewa.

Mene ne fastis?

Fastis ruwa ne mai launin zuma, ana ganin haske ta cikinsa. Abubuwa huɗu ne ginshiƙinsa: barasa, da ruwa, da saiwar wani tsiro mai zaƙi da Larabawa ke kira irƙusus, da kuma man ƙamshi da ake tatsowa daga 'ya'yan yansun da danginsa. Barasar da ke cikinsa takan kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100, wato ta ninka ta giyar kwalba wajen sau takwas ko tara. Saboda haka Faransawa ba sa shan sa tsura. Al'adarsu ita ce su zuba awo ɗaya a kofin gilashi, su ƙara awo biyar na ruwan sanyi. Da zarar ruwan ya sauka, sai launin zumar nan ya ɓace, kofin ya turnuƙe ya koma fari mai ratsin rawaya.

Sukan sha shi ne kafin cin abinci, a matsayin abin da suke kira aferitif, kalmar da ta samo asali daga Latin mai ma'anar buɗewa, domin a ganinsu yana buɗe ciki. Shi kuwa sunan fastis daga harshen mutanen yankin Furobans ya fito, ma'anarsa gauraye ko haɗe-haɗe. Yana da 'yan'uwa a kewayen Bahar Rum: uzo a Girka, raki a Turkiyya, arak a Labanan da Siriya, sambuka a Italiya. Dukansu yansun ne ƙamshinsu, dukansu kuma fari suke yi in sun ji ruwa. Har Turkawa na yi wa nasu laƙabi da nonon zaki.

Yadda doka ta haifi fastis

Kafin fastis akwai wata giya koriya mai suna absint, wadda ake haɗawa da yansun da shammar da wani ganye mai ɗaci, ɗan'uwan tazargade. Sojojin Faransa da suka yi yaƙin mamaye Aljeriya a shekarun 1830 da 1840 an riƙa ba su ita da sunan rigakafin zazzaɓi, suka koma gida da sabonta. Daga baya wani ƙwaro mai cin saiwa ya halaka gonakin inabin Faransa, giyar inabi ta yi tsada, talakawa suka koma wa absint. Zuwa shekarar 1910 Faransa na shanye wajen lita miliyan 36 a shekara.

Da ɓarna ta yi yawa, sai likitocin wancan zamani suka ɗora laifin a kan wani sinadari mai suna tujon da ke cikin ganyen nan mai ɗaci. Hujjarsu ita ce gwaje-gwajen da wani likitan ƙwaƙwalwa, Valentin Magnan, ya yi, inda ya riƙa ba dabbobi tsurar man ganyen, su kuwa su riƙa faɗuwa suna farfaɗiya. Suwizalan ta haramta absint a 1910, Amurka a 1912, Faransa kuma a 1915. Sai a shekarar 2008 wani masanin sinadarai Bajamushe, Dirk Lachenmeier, da abokan aikinsa suka samo tsofaffin kwalaben da aka cika tun kafin haramcin, suka auna su. Suka tarar tujon ɗin da ke ciki bai kai yawan da zai jawo abin da aka zarge shi da shi ba. Mai laifin ita ce barasar kanta, wadda a wasu kwalabe ta kai kashi 70 cikin 100. Darasin da ɗalibi zai ɗauka a nan shi ne, ba a yanke wa sinadari hukunci sai an san yawan da ya shiga jiki.

Bayan haramcin, mutanen birnin Marsel suka ci gaba da haɗa giyar yansun a ɓoye, ba tare da ganyen mai ɗaci ba. Gwamnati ta riƙa sassauta doka kaɗan-kaɗan, har a shekarar 1932 wani saurayi ɗan shekara 23, Paul Ricard, ya fara sayar da nasa haɗin da sunansa a jikin kwalba. A 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake hanawa, ba a buɗe ba sai 1951, shekarar da kamfanin Pernod ya ɗauko ya sa wa nasa suna 51. Kamfanonin biyu suka haɗe a 1975. A yau dokar Tarayyar Turai ce ta ƙayyade abin da za a kira fastis, har da yawan man ƙamshin da zai kasance a ciki: giram 1.5 zuwa 2 a kowace lita. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu yi lissafi da shi nan gaba.

Anitol: ƙamshi ɗaya, tsirrai uku

Man ƙamshin da ake magana a kai, mafi yawansa wani sinadari ne guda ɗaya mai suna anitol. Kowace ƙwayarsa ta ƙunshi zarra 10 ta kabon, da 12 ta haidurojin, da 1 ta oksijin. Ana samun sa a yansun da shammar, waɗanda masu shagunan maganin Musulunci a Kano ke sayarwa tare da hulba da habbatussauda, kuma dukansu dangin karas ne. Ana samun sa kuma a 'ya'yan wata bishiya ta kudancin Sin da arewacin Biyetnam, masu siffar tauraro mai tsini takwas. Bishiyar ba ta da dangantaka da yansun, amma ƙamshinsu ɗaya, domin sinadarin ɗaya ne. Hanci ba ya tambayar asalin tsiro, ƙwayar sinadari kawai yake ganewa. Haka abin yake ga kanumfari, wanda ƙamshinsa ya rataya a kan wani sinadarin mai suna yujinol.

Ana fitar da man ne ta hanyar turara 'ya'yan. Tururi ya ratsa su ya kwaso man, a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso sama a kwashe. Wannan fasaha tsohuwa ce. Tun ƙarni na 9 malamin Bagadaza Al-Kindi ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tatso shi ta wannan hanya. Ita kanta kalmar alkohol da Turawa ke kiran barasa da ita, daga Larabci ta fito, alkuhul, wato kwalli.

Anitol yana da halaye uku da suka shafe mu. Na farko, yana da zaƙi, ya ninka sukari wajen sau 13. Na biyu, yana daskarewa idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 21 ko makamancin haka a ma'aunin Salshiyas, ke nan da za a ajiye shi a Gaya da daren hunturu, da safe za a tarar ya yi ƙanƙara, kamar yadda man shanu ke sandarewa. Wannan ne ya sa masu shan fastis ke fara zuba ruwa kafin ƙanƙara, domin in ƙanƙara ta riga, man zai daskare ya yi ɓarɓashi a saman kofi. Na uku, kuma mafi muhimmanci, anitol yana narkewa sarai a cikin barasa, amma a ruwa sai ɗan kaɗan ƙwarai, kimanin giram 0.1 a lita guda.

Abin da ke faruwa idan ruwa ya sauka

Kowa ya san mai da ruwa ba sa ga-maciji. Dalili kuwa shi ne, ƙwayar ruwa tana da ɓangare mai cajin lantarki na ƙari da ɓangare mai na ragi, don haka ƙwayoyin ruwa ke riƙe juna tamau. Ƙwayar mai ba ta da irin waɗannan ɓangarori, saboda haka ruwa ke ture ta gefe. Ita kuwa barasa, wadda masana ke kira itanol, 'yar tsakiya ce: kanta irin na ruwa, jelarta irin ta mai. Matsayinta kamar na dillali ne a kasuwar shanu ta Wudil, wanda ke jin harshen mai saye da na mai sayarwa. Muddin tana da yawa a kwalba, takan riƙe kowace ƙwayar anitol daban, ta hana su taruwa. Ƙwayar sinadari guda ɗaya kuwa ta yi ƙanƙantar da haske ba ya tuntuɓe da ita, shi ya sa ake ganin ruwan garau.

Yanzu sai mu yi lissafi. Idan aka zuba awo biyar na ruwa a kan awo ɗaya na fastis, jimla ta zama awo shida. Barasa ta sauko daga kashi 45 zuwa kashi 7.5 cikin 100, wato 45 a raba gida 6. Anitol kuma ya sauko daga giram 2 zuwa kimanin giram 0.33 a lita. Amma mun ce ruwa ba ya iya ɗaukar fiye da kimanin giram 0.1. Ke nan akwai rarar da ba ta da mai riƙe ta, domin dillalan sun yi kaɗan, kuma sun watse cikin ruwa. Sai ƙwayoyin anitol su nemi 'yan'uwansu mafi kusa su dunƙule. Da yake abin yana faruwa ne a ko'ina cikin kofin a lokaci guda, ba sa samun damar haɗuwa su zama babban ɗigo ɗaya. Maimakon haka sai a sami ƙananan ɗige-ɗige birjik, kowanne faɗinsa kimanin mikiron 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum ya fi shi kauri wajen sau 70. Lissafi na nuna cewa a kofi guda ɗige-ɗigen za su kai wajen biliyan 50, sun ninka yawan mutanen duniya sau da dama. Irin wannan gauraye, inda ɗige-ɗigen wani ruwa ke rataye cikin wani ruwan, shi masana ke kira imalshan.

Daga ina farin ya fito?

Anitol ba fari ba ne, ruwa ma ba fari ba ne. Farin aikin haske ne. Hasken rana ya ƙunshi dukan launukan bakan gizo, kuma tafiyarsa kamar igiyar ruwa take, tsawon kowace igiya tsakanin mikiron 0.4 ne da 0.7. Idan haske ya ci karo da abin da girmansa ya yi kusa da wannan tsawo, ko ya ɗara shi kaɗan, sai ya karkace ya warwatsu. Ɗigon mikiron 1 yana warwatsa dukan launuka kusan daidai wa daida. Hasken da ya shiga kofin zai yi ta karo da ɗigo bayan ɗigo, ya fito ta kowace fuska a gauraye, idonmu kuwa gaurayen dukan launuka shi yake gani a matsayin fari. Masani ɗan ƙasar Ireland John Tyndall ya yi nazarin wannan hali a ƙarni na 19, sa'an nan Bajamushe Gustav Mie ya fitar da lissafinsa a 1908.

Da wannan bayani guda za a fahimci abubuwa da yawa. Gajimare fari ne saboda ɗige-ɗigen ruwa a cikin iska. Hazon hunturu, wanda iska ke kwaso yawancin ƙurarsa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, yana mayar da sama fari-fari saboda ƙananan ƙwayoyin ƙura. Madara fara ce saboda ɗige-ɗigen mai da dunƙulen furotin da ke yawo cikinta. Ko bayan Bafillatana ta kaɗa nono ta kwashe man shanu, tsalar da ta rage fara ce, domin dunƙulen furotin suna nan suna warwatsa haske.

Abin da ya ɗaure wa masana kai

Idan aka girgiza man gyaɗa da ruwa a kwalba, za a sami fari na ɗan lokaci, amma cikin 'yan mintoci man zai taso sama. Kafin a sami imalshan mai daɗewa, yawanci ana buƙatar abu biyu: kaɗawa mai ƙarfi, da kuma wani sinadari irin sabulu da zai lulluɓe kowane ɗigo ya hana shi manne wa ɗan'uwansa. Fastis kuwa ba ya buƙatar kaɗawa, zuba ruwa kaɗai ya isa, kuma farin yakan daɗe sa'o'i. A shekarar 2003 Stephen Vitale da Joseph Katz na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka yi nazarin wannan hali, suka raɗa masa suna da sunan uzo na Girka. A wannan shekarar kuma Isabelle Grillo ta auna girman ɗige-ɗigen fastis a cibiyar bincike ta Laue-Langevin da ke Girenobul a Faransa, ta hanyar harba musu ƙwayoyin niyutiron.

Abin da aka gano shi ne, ɗige-ɗigen ba su cika haɗewa ta hanyar karo da juna ba. Girmansu yana ƙaruwa ne sannu a hankali, ƙanana suna narkewa, manya suna shanye abin da ya narke, tamkar yadda babbar kasuwa ke janye 'yan kasuwar ƙauye. Da yake nauyin anitol kusan daidai yake da na ruwa, ɗigon ba ya saurin tasowa, ba ya saurin nutsewa. Amma in an yi haƙuri, daga ƙarshe mai zai ware.

Wannan bincike ya wuce batun kofin giya. Magunguna da yawa ba sa narkewa a ruwa, alhali jinin mutum mafi yawansa ruwa ne. Tun 1989 Hatem Fessi da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa za a iya narkar da magani cikin sinadarin da ke shiga ruwa, a tsiyaya cikin ruwa, a sami ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da maganin ba tare da injin kaɗawa ba. Da dabara mai kama da wannan aka haɗa 'yan ƙananan ƙunshin mai da ke cikin allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna a 2020, inda ake tace itanol ɗin a fitar da shi bayan an gama haɗawa.

Komawa gonar wake

Yanzu mai karatu zai iya fassara abin da ke faruwa a tankin feshi da kansa. Yawancin magungunan ƙwari, irin su saifametirin da daikulobos, dangin mai ne a halayyarsu. Kamfani yakan narkar da su cikin wani sinadari da aka samo daga man fetur, ya ƙara mai lulluɓe ɗigo, ya rubuta haruffan EC a jikin kwalba. In an zuba a ruwa sai a sami imalshan, kowane ɗigo ɗauke da rabonsa na guba. Dettol ma haka yake: man itacen fain da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ne narke cikin wani nau'in barasa, tare da sabulu. Bambancinsu da fastis shi ne sabulun da aka ƙara musu. Daga wannan fahimta darussa huɗu ke fitowa.

Na farko, fari ba shaidar inganci ba ne. Wasu manoma na ɗauka cewa maganin da ya fi yin fari shi ya fi ƙarfi. Alhali kananzir da aka gauraya da sabulu ma fari zai yi a ruwa, ko da babu ƙwayar magani a ciki, kuma masu jabu sun san haka. A ɗaya ɓangaren, maganin ciyawa irin gilaifoset narkewa yake a ruwa kamar gishiri, ba ya yin fari, kuma wannan bai sa ya zama jabu ba. Kama da wane ba wane ba ne. Abin dubawa shi ne lambar rajistar NAFDAC, da ranar ƙarewar aiki, da hatimin murfi.

Na biyu, imalshan ba ya dawwama. Maganin da aka haɗa aka bari ya kwana, ko aka haɗa da ruwan kududdufi mai laka, yakan fara rabuwa. Sakamakon haka wani sashe na gona ya sami kusan ruwa zalla, wani sashen kuma ya sami abin da zai ƙona ganye. A haɗa iya abin da za a fesa a ranar, da ruwa mai tsabta, a riƙa girgiza tanki.

Na uku, abin da ke son mai yana son jikin mutum. Fatarmu tana da maiƙo, don haka waɗannan magunguna na ratsa ta su shiga jini ko da ba a sha ba. Mai feshi da singileti, ba takalmi, ba safar hannu, yana shan magani ta fata. Haka kuma gubar takan maƙale a abinci. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan daikulobos da aka riƙa samu a cikinsa, wanda ake zubawa lokacin ajiya don maganin ƙwari. Buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke toshe iska, waɗanda masana Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, suna kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi: ga ƙaramin yaro, farin ruwa a roba nono ne. Kada a ajiye haɗaɗɗen magani a kwano ko gorar ruwa, kada kuma a mayar da kwalbar magani ta zuba mai. Idan tsautsayi ya sa wani ya sha, al'adar ɗura masa manja ko madara tana iya ƙara ɓarna, domin gubar da ke narkewa a mai, mai na iya taimaka mata ta shiga jiki. Tilasta masa amai ma haɗari ne, saboda sinadarin fetur ɗin na iya faɗawa huhu. Abin yi shi ne a cire masa tufafin da suka jiƙe, a wanke fata da ruwa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san irin maganin da zai ba shi.

Ƙaro: arzikin da ke hana mai tasowa

Akwai fuskar wannan ilimi da ke kawo kuɗi. Lemon kwalba mai ɗanɗanon lemo yana samun ƙamshinsa ne daga man ɓawon lemo, wanda shi ma ba ya shiga ruwa. Kamfani yana son lemon ya yi watanni a shago ba tare da mai ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba ba. Abin da ke yi musu wannan aiki shi ne ƙaron bishiyar ɗakwara. Ƙwayar ƙaro tana da sashen furotin da ke kama mai, da manyan rassa na dangin sukari da ke son ruwa, don haka takan lulluɓe ɗigo ta yi masa katanga. A jikin kayan Turai ana rubuta shi da lamba E414. Almajirai sun daɗe da sanin wannan aiki nasa, domin ƙaro ne ke riƙe baƙin tawada ya hana shi kwantawa, ya kuma sa ta kama allo.

Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, sai Cadi da Nijeriya, inda jihohin Borno da Yobe da Jigawa suka fi samar da shi. Akwai ma tashar binciken ƙaro a Gashuwa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya tayar wa kamfanonin lemo hankali, ya nuna musu haɗarin dogaro da ƙasa ɗaya. Ɗakwara kuwa bishiya ce mai jure fari, tana gyara ƙasa, tana tare iska. Ga matasan ƙasar Gaya, masu maƙwabtaka da Jigawa, wannan abin tunani ne.

Gwaji don aji

Malami zai iya nuna duk wannan da kayan da ba su da tsada. A yayyanka ɓawon lemo, a jiƙa shi cikin sifirit na kemis a rufaffiyar kwalba ya kwana biyu, a tace. A zuba cokali ɗaya a kofin gilashi, ɗalibai su riƙa ƙara ruwa cokali-cokali suna ƙirgawa, har su ga lokacin da farin ya bayyana. Sa'an nan a ƙara sifirit, za a ga farin ya ɓace, domin dillalai sun dawo. A kula: sifirit guba ne, kuma yana kama wuta, ba a ɗanɗanawa, ba a kusantar da shi ga wuta.

Gwaji na biyu, a sami kwalabe uku masu ruwa daidai, a zuba wa kowacce cokalin man gyaɗa. A bar ta farko haka, a sa wa ta biyu ɗan sabulu, ta uku kuma jiƙaƙƙen ƙaro. A girgiza kowacce sau 50, a ajiye, a auna da agogo mintocin da mai zai ɗauka kafin ya taso. Gwaji na uku, a ɗaki mai duhu a haska tocila ta cikin ruwan gishiri, sa'an nan ta cikin ruwan da aka ɗiga wa madara. A na farko ba za a ga hanyar haske ba, a na biyu za a gan ta sarai. Kada a yi amfani da maganin feshi a kowane gwaji na makaranta.

Kammalawa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Mun ga cewa ba ya fari banza ma. Duk inda ruwa garau ya koma fari, akwai ƙananan abubuwa da ba su narke ba suna rataye a cikinsa suna warwatsa haske. Farin yana gaya mana girman waɗannan abubuwa, amma ba ya gaya mana ko mene ne su: anitol ne, ko man shanu, ko gubar ƙwari. Wannan tambaya ta biyu sai karatun takardar jikin kwalba da awon ɗakin gwaji ke amsa ta. Ɗalibin da ya koma gida hutun damina ya karanta wa mahaifinsa abin da ke rubuce a kwalbar feshi kafin a zuba a tanki, ya yi amfani da iliminsa na kimiyya a inda aka fi buƙatarsa.